Daga Sakkwato zuwa Yankari: wace hanya, wace mota, kwana nawa?

Autan Zaure: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nika nema. Mutum bakwai ne, manya huɗu da yara uku, ana son zuwa gandun namun daji na Yankari daga nan Sakkwato cikin hutun makaranta. Akwai Sienna ta gida. Shin ana iya tashi da asuba a kwana can ranar? In ba a iyawa, ina ya kamata a yada zango? Kuma tsakanin motar gida da ta haya wacce ta fi?

Kawu Direba: Wa alaikumus salam, Auta. Cire batun kwana ɗaya daga ranka tun yanzu. Bari in lissafa maka. Sakkwato zuwa Gusau kilomita 200 da 'yan kai, ta Dange, Tureta, Talata Mafara, Maru, Bunguɗu. Gusau zuwa Funtuwa wajen 110, ta Kwatarkwashi, Tsafe, 'Yankara, Sheme. Daga Funtuwa ka bi Bakori da Malumfashi, ka karya a Dayi, ka faɗa Gwarzo, ka shiga Kano. Duka-duka Sakkwato zuwa Kano ka ƙaddara kilomita 500. Kano zuwa Bauchi wajen 300. Daga garin Bauchi zuwa masaukin Wikki, wanda shi ne cikin Yankari, sama da 100. Ka ga an tasar wa 900 ke nan.

A takarda mutum zai ce awa 12 ta isa. Amma takarda ba ta san shingen jami'an tsaro ba, ba ta san rami ba, ba ta san tirela ta faɗi ta tare hanya ba, ba ta san yaro na jin fitsari ba. Sakkwato zuwa Kano kaɗai ka ba ta awa 8 zuwa 10. Kano anka saba kwana. Washegari a tashi bayan an karya, a isa Bauchi wajen azahar, a shiga Yankari da la'asar sakaliya. Kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa. Wanda ba shi da kwana shida aƙalla a hannu, ya haƙura da tahiyar ga.

Autan Zaure: Kawu, to in an yi sammako sosai fa, misalin ƙarfe huɗu na dare?

Kawu Direba: A'a ɗana. Sammakon da ya wuce kima a hanyar ga ba dabara ba ce. Tsakanin Tureta da Mafara, da kuma tsakanin Gusau, Tsafe da Funtuwa, kowa ya san halin da ake ciki na 'yan bindiga. Ba a son ka zama motar farko da ta buɗe hanya, ba a son ka zama ta ƙarshe. Bari gari ya waye tangaran, motocin tasha su fara fita, ka bi sahunsu. Alama guda da direbobi ke dubawa: in ka yi tahiya mai ɗan tsawo ba ka gamu da ko mota ɗaya ta taho daga gabanka ba, ka tsaya a gari na kusa ka tambaya. In kuma masu tahowa suna ta ƙyafta maka fitila suna yi maka hannu, ba gaisuwa ce ba. Ƙa'idar ita ce la'asar ta same ka ka baro Funtuwa. Kuma daren da za ku tashi, a leƙa babbar tasha a tambayi waɗanda sunka shigo daga Kano ranar. Labarin hanya na makon jiya ba shi da amfani.

Yaya Ɗan Kasuwa: Ni ban yarda da bi ta Kano ba. Me zai kai ka cunkoson Kano da iyali? Daga Funtuwa a miƙe Zariya ta Giwa, a kwana nan. Da safe a ɗauki Pambeguwa, Saminaka, Jos, a gangara Bauchi ta Toro. Jos zuwa Bauchi kilomita 130 ne ko ƙasa da haka. Ga sanyi, ga duwatsu yara su kalla, ga dankalin Turawa da kayan lambu a bakin hanya. Kuma kwanan Zariya ya rage wa ranar farko nauyi, ita ce ranar da ta fi haɗari.

Kawu Direba: Maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, Zariya ta fi Kano kusa da Funtuwa. Amma abin da ka rage a ranar farko ka ƙara shi a ta biyu, har da riba. Zariya zuwa Jos ta haura kilomita 200, ga hawa da kwana-kwana in an kusanci tudun Jos, ga ratsa garin Jos kansa. Mota cike da mutum bakwai da kaya tana hawan nan, nan ne za ka san ko lagiretonka na da lahiya. Ta Kano kuwa shimfiɗe take: Wudil, Kwanar Huguma, Birnin Kudu, Ningi, Kafin Madaki, Bauchi.

Malam na Bauchi: Salamu alaikum jama'ar Sakkwato. Ni dai ta Ningi zan ba da shawara ga mai iyali, sai in ana da wata buƙata a Jos. Akwai ma wata riba a hanyar: gandun Sumu yana wajen Kafin Madaki, kan hanyarku. Yara da yawa suna zuwa Yankari da burin ganin raƙumin dawa da jakin dawa, su koma suna kuka. Waɗannan a Sumu ake ganinsu, cikin dabbobin da aka kawo daga Namibiya. Awa ɗaya ko biyu sun isa, amma ku bar shi sai a dawowa, don ranar zuwa lokaci ba naku ba ne.

Yanzu ga ɓangaren da baƙi suka fi yin kuskure. Yankari ba a cikin garin Bauchi take ba, tana ƙaramar hukumar Alkaleri. Za ku fita ta hanyar Gombe har Dindima, inda gadar kogin Gongola take. A yankin nan ake barin babban titi a karya dama, akwai allo. Daga Dindima zuwa Mainamaji, ƙauyen da babbar ƙofa take, kusan kilomita 29 ne. To isa ƙofa ba isa masauki ba ne. Daga ƙofa zuwa Wikki akwai wasu kilomita 42 cikin daji tsantsa, ba gida, ba mai faci, ba mai sayar da ruwa. Mutane sukan iso ƙofa su ce alhamdu lillahi mun iso, ashe da sauran tafiyar kusan awa guda, don ba a gudu a ciki, dabba na iya tsallaka titi kowane lokaci. Gandun ya kai murabba'in kilomita 2,244.

Yaya Ɗan Kasuwa: To na sallama a kan Ningi. Amma akwai masu cewa a kauce wa Zamfara gaba ɗaya, a bi ta Illela a shiga Ƙonni, a bi titin Nijar ta Madawa zuwa Maraɗi, a sauko Jibiya, Katsina, Kano.

Kawu Direba: Ana bi, amma ba hanyar mai yawon buɗe ido da yara uku ba ce. Iyaka biyu za ka ƙetare a yini ɗaya, kowace da binciken takardun mutane da na mota. An rufe iyakar a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, anka buɗe a 2024, kuma dokokin ƙetarawa sukan sauya ba sanarwa. Sannan yankin Jibiya ma ba a ce lahiya lau yake ba. Ka guje wa ruwa ka faɗa rijiya.

Oga Makanike: Ku bar ni in yi maganar motar, tunda kowa na ta zana hanya ba wanda ya tambayi abin hawan. Auta, Siennar nan da ke yawon Mabera zuwa kasuwa, ba a san halinta ba sai ta yi awa biyar a jere. Ka kai ta gareji mako guda kahin tahiya, ba jajibiri ba, don in an sauya wani abu a samu kwana biyu ana gwada shi cikin gari.

Farko taya. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Tayar da ta haura shekara biyar zuwa shida, ko da zanenta na nan raɗau, robar ta bushe, kuma kwalta mai zafi da nauyin mutum bakwai su ne ke fasa irinta. Taya ta gaba ta fashe ana gudu, shi ne hatsarin da muke gani kullum. A duba iska da safe taya na sanyi, a bi adadin da ke rubuce jikin ƙofar direba, ba wanda mai faci ya ga dama ba. Safaya kuma a sauke ta a gani da ido. Da yawa sai a daji suke gane tasu ba iska, ko jak ɗin ba ya ɗagawa, ko sifanar ba ta kama notin ba.

Na biyu ruwa. A duba lagireto, da tiyo na sama da na ƙasa, a matsa su da hannu, in sun yi laushi ko sun tsattsage a sauya. A tabbata fanka na tashi in inji ya ɗauki zafi. Marfin lagireto abu ne mai araha, amma in robarsa ta mutu ruwa zai riƙa tsiyayewa kana tahe ba ka sani ba. In allurar zafi ta hau, a tsaya, a kashe, a ba shi rabin awa. Kada kowa ya buɗe marfin nan da zafinsa, ruwan zai yi tsartuwa ya ƙone fuska. Kuma ba a kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi, kan inji ne zai lanƙwashe, daga nan sai gasket.

Sauran: baƙin mai da tacensa, birki gaba da baya, fanbel ɗaya na ajiya, fis, igiyar ja, wayar tada batir, tocila, jarkar ruwa lita 10 ta mota kaɗai.

Autan Zaure: Oga, mai fa? Lita nawa zan lissafa?

Oga Makanike: Sienna da lodi da na'urar sanyi, ka lissafa kilomita 8 a lita ɗaya. Zuwa da dawowa 1,800, ka ƙara 200 na yawon cikin gari da ɓatan hanya, 2,000 ke nan. Raba da 8, lita 250. Ka ninka da farashin ranar, ka ɗora wani abu a kai. Cika tanki a Sakkwato, ka ƙara a Gusau ko Funtuwa, ka cika a Kano. Mafi muhimmanci, ka cika shi taf a garin Bauchi, don daga nan zuwa Wikki da dawowa ya haura kilomita 200 kuma ba a dogara da samun gidan mai bayan Dindima. Man bumburutu na gefen hanya sai dole, shi ke toshe fanfon mai.

Hajiya Inna: Duk kun yi ta motar gida. Wanda ba shi da ita fa, ko direban gidan bai saba doguwar hanya ba? Don ni a ganina mutum ɗaya ya tuƙa kilomita 500 a yini, washegari ya ƙara 400, ga hayaniyar yara a bayansa, ba ƙaramin abu ba ne.

Kawu Direba: Gaskiyarki Hajiya. In ba direba biyu, gara haya. Daga babbar tasha a shiga ta Kano, motar safe. Mutum bakwai ai kun cika Sharon, ku yi shatarta kawai, ku ne da ikon tsayawa salla da cin abinci. A Kano, motocin Bauchi a Unguwa Uku ake samunsu.

Malam na Bauchi: In ƙara a nan. Za ku ga motoci an rubuta Yankari Express a jikinsu. Kamfanin sufurin jihar Bauchi ne, sunan kawai ya ɗauka, tsakanin garuruwa yake jigila, ba wai cikin gandun zai kai ku ba. Motar haya ta layin Gombe ko Alkaleri za ta sauke ku a mararrabar Dindima ta wuce, ku tsaya da jakunkuna da sauran kilomita 70 a gabanku. Abin yi shi ne shatar mota daga garin Bauchi har Wikki. Ku yi ciniki a kan abu uku tun kafin a tashi: kuɗin kaiwa, kuɗin shigar motar a ƙofa wa zai biya, da ranar da zai dawo ɗaukarku da ƙarfe nawa. Kada ku biya na dawowa gaba ɗaya tun farko. Ku kuma tsayar da lokacin tun kuna tare, don sabis ɗin waya a ciki yana zuwa yana ɗaukewa. Saboda wannan dalilin ne ma ake cewa a riƙe tsabar kuɗi, kada a dogara da tiransifa ko POS a ƙofa.

Yaya Ɗan Kasuwa: Mai hali kuma ya hau jirgi ya huta. Filin jirgin Sultan Abubakar III zuwa Abuja, daga Abuja zuwa Bauchi. In ba a dace da na Bauchi ba, akwai na Gombe, filin yana Lawanti kan hanyar Bauchi, daga nan a yo yamma zuwa Dindima. Illarsa biyu: kuɗin kujera bakwai sau huɗu zuwa da dawowa, da kuma hazo. Cikin hunturu jirgi na iya kwana biyu bai sauka ba, a bar ka Abuja kana biyan otal.

Malamin Islamiyya: Allah shi saka wa kowa. Tunda an zo kan lokaci, a lura da abu guda. Bauchi gabas take da mu sosai, rana na rigan faɗuwa can da wajen kwata zuwa minti 20. Wanda ya saba magaribar Sakkwato ya lissafa da ita, duhu zai same shi tsakanin ƙofa da masauki. Batun salla kuwa, tahiyar ta wuce mil 48 nesa ba kusa ba, ƙasaru ta tabbata tun daga barin gidajen gari. In zaman Yankari bai kai niyyar kwana huɗu ba, ana ci gaba da ƙasaru har a can. A ranar farko, haɗa azahar da la'asar a Funtuwa ya fi a tsaya a ƙauyen da ba a sani ba don neman ruwan alwala. A sa buta biyu da tabarma a mota.

Hajiya Inna: To sai abin da za ku tarar, don maza ba su cika tuna wannan ba. Birai ne sarakunan masaukin nan, manyan gwaggon biri masu haƙora, ba irin na masu wasa a kasuwa ba. Sun san leda, sun san kula, sun san ƙarar buɗe but. Yaro ya fito da biskit a hannu, kahin ya kai baki an fizge. In an fizge a bar musu, kada a bi, kada a ɗaga sanda. A sauke kayan abinci mutum ɗaya na tsaye yana gadi, a rufe ƙofar ɗaki da makulli ko da ana ciki, a rufe taga. Mugun dawa ma na yawo tsakanin ɗakuna yana kiwo a durƙushe, shi ba ruwansa da kowa in ba a matsa masa ba.

Guzuri: akwai wurin cin abinci, amma da yara kada a dogara da shi kaɗai. Kilishi, soyayyen nama, garin kwaki da ƙuli, burodi, kayan shayi, filas. Fura ba ta kai kwana biyu cikin mota, a bar ta. Ruwan sha a saya a Bauchi, katan uku ga mutum bakwai na kwana biyu bai yi yawa ba. Gidan sauro, maganin shafawa na sauro, farasitamol, gishirin ORS. Wanda ke shan maganin hawan jini ko na suga ya ɗauki na kwana goma, ba na shida ba.

Malam na Bauchi: Hajiya ta gama magana. In ƙara tsando. Akwai shi a kurmin bakin kogin Gaji, cizonsa kamar allura, yana ratsa yadi marar kauri, kuma baƙi da shuɗi ne ke jawo shi. Ranar fita kallon dabbobi a sa kaya masu ruwan ƙasa ko toka-toka, masu dogon hannu. Fitar kuwa ba a yin ta kai kaɗai, sai da ɗan rakiya na gandun, da sassafe ko da yamma. Ta safe ta fi. Ku yi rajista tun daren da kuka iso.

Ruwan Wikki shi ne abin da ba ya ba da kunya. Daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, garau har kana ganin yashin ƙasa. Sai dai wajen bakin dutsen zurfinsa ya kusa mita 2, kuma ruwan tafiya yake, ba tsaye ba. Yara su tsaya can ƙasa inda bai wuce gwiwa zuwa ƙugu ba, da babba a kusa. Akwai matakala masu yawa kafin a sauka, tsoho mai ciwon gwiwa ya sani. Mata masu son sakewa su je da hantsi a ranar aiki, Asabar da Lahadi da ranakun biki cika yake yi.

Autan Zaure: Malam, giwa fa? Yaran ita suke ta ambato. Hutun Disamba munka yi niyya.

Malam na Bauchi: Kada ka yi musu alkawarin giwa, balle zaki. Daji ne, ba gidan zu ba. Ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo, dorina, kada, waɗannan ana dacewa da wasunsu. Giwa sai rabo. Lokacin da rabon ya fi yawa shi ne daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da ruwan daji ya ƙafe, ciyawa ta kwanta, komai ya dawo kogin Gaji shan ruwa. A Disamba ciyawa ba ta gama faɗuwa ba, ga cikar baƙi na Kirsimeti da sabuwar shekara, ɗaki sai wanda ya kama da wuri. Damina kuwa, daga Mayu zuwa Satumba, daji ya rufe, wasu hanyoyin ciki ba sa biyuwa.

Oga Makanike: Afrilu dai ita ce mai kashe taya da lagireto. Ni da za a bi tawa, Disamba ko Janairu, mota ta huta, mutane su huta.

Hajiya Inna: Oga, zafin Bauchi ne zai tsorata Basakkwace? Wanda ya yi azumi cikin Afrilu a garin nan? Ni dai ina bayan hutun Afrilu, in bai faɗo cikin azumi ko Salla ba. An yi kilomita 900 don a ga dabba, ba don a sha iska ba.

Kawu Direba: Kowanne kunka zaɓa, ranar dawowa ita ma a raba ta biyu. A baro Wikki da hantsi, a tsaya Bauchi yara su ga kabarin Tafawa Ɓalewa, a biya Sumu in lokaci ya bari, a kwana Kano. Kada a ce an ƙosa da gida a zarce Funtuwa da yamma. Daga Kano a tashi da an sallame asuba, don sashen Funtuwa zuwa Tureta ya faɗo tsakiyar rana. Da yamma in kun doshi Sakkwato rana za ta riƙa dukan idon direba, a wanke gilas a Mafara, a sa tabarau kusa.

Autan Zaure: Na gode iyayena, Allah shi bar zumunci. Na rubuta: direba biyu, kwanan Kano, ta Ningi, cika tanki a Bauchi, a wuce ƙofa kahin la'asar ta yi sanyi. Saura ɗaki. Ana kamawa tun daga nan ko sai an isa?

Malam na Bauchi: Tun daga nan, musamman in lokacin hutu ne. Gandun yana hannun gwamnatin jihar Bauchi tun 2006, don haka ta ofishinsu za ka nema, ba ta hannun wanda ya sa lamba a Facebook ya ce a tura masa kuɗi ba. In kun yi waya ka tambayi abu huɗu: kuɗin ɗaki da mutum nawa yake ɗauka, kuɗin shiga na babba da na yaro da na mota, ƙarfe nawa ake daina shiga ƙofa, da awa nawa ake ba da wuta da dare. Amsar ta ƙarshen ita za ta gaya maka ko za ka taho da fanka mai caji.